Sikelin Omron BF511: nauyi yake aunawa, kitsen kuwa lissafi ne

Wanda ya hau sikelin Omron BF511 zai sauko da lambobi shida: nauyin jiki, BMI (ma'aunin ƙiba da ke gwada nauyi da tsayi), kason kitse, kason tsoka, matakin kitsen cikin ciki, da yawan kalorin da jiki ke ƙonawa a rana ko da mutum kwance ya yini. Duka a allo ɗaya suke fitowa, da rubutu iri ɗaya, har mai shi ya ɗauka darajarsu ɗaya. A cikin shidan, nauyi kaɗai na'urar ta auna kai tsaye. Sauran biyar ɗin lissafi ne ta yi, daga nauyin, da tsayi da shekaru da jinsin da aka shigar mata, da kuma turjiyar da jiki ya yi wa wata 'yar wutar lantarki da ta ratsa shi. Wanda ya riƙe wannan zai ci moriyar kuɗinsa. Wanda bai riƙe ba, kullum da safe sikelin zai tayar masa da hankali a banza.

Omron kamfanin Japan ne, kuma an fi saninsa da na'urar awon hawan jini da ake gani a kimis da asibitoci. BF511 kashi biyu ne. Akwai farantin da ake takawa, mai ƙarafa huɗu, biyu ƙarƙashin kowace ƙafa. Sai mariƙi mai allo, wanda igiya ta haɗa shi da farantin, shi ma da ƙarafa huɗu inda tafin hannu ke kamawa. Batir huɗu yake ci, ƙirar AA, irin na agogon bango. Yana ɗaukar har kilo 150, a tsanin giram 100. Yana ajiye bayanan mutum huɗu, sannan da maɓallin baƙo ga wanda zai hau sau ɗaya ya wuce. Yana karɓar shekaru daga 6 zuwa 80, amma kitsen cikin ciki sai ɗan shekara 18 zuwa sama. Ba shi da Bluetooth, ba shi da manhaja. Wanda ya saya ya nemi littafi da biro.

Mariƙin nan shi ne abin da ake biya. Yawancin sikelin da ke kasuwa, irin su Xiaomi Mi Body Composition Scale 2, ta ƙafa kawai suke tura wuta: ta shiga ƙafa ɗaya, ta haura cinya, ta sauko ta ɗaya ƙafar. Ba ta leƙa ƙirji ko hannuwa, don haka abin da ke sama da ƙugu kintace ne zalla. A BF511 wutar na bi tsakanin hannu da ƙafa, ta ratsa gangar jiki. Wannan ci gaba ne na gaske, amma kada a zuzuta shi. Gangar jiki kusan rabin nauyin mutum ce, sai dai saboda faɗinta, turjiyar da take bayarwa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na jimlar ba. Hannuwa da ƙafafu, da suke dogaye kuma sirara, su ke cinye sauran. Wato inda teɓa ta fi taruwa, nan ne na'urar ta fi rashin gani.

Yadda lissafin yake tafiya

Wutar da ake turawa ba a ko jin ta: tana kaɗawa sau 50,000 a daƙiƙa, ƙarfinta bai kai rabin miliamfa ɗaya ba. Tsoka da jini cike suke da ruwa mai gishiri, wuta na bi ta cikinsu salin-alin. Kitse ruwansa kaɗan ne, sai ya tare hanya. Omron yana da nasa tsarin lissafin da ya gina a cikin na'urar, amma tushen irin wannan awo ɗaya ne a ko'ina: a ninka tsayi da kansa, a raba da turjiya, a kintaci yawan ruwan jiki. Daga nan sai a dogara da cewa jikin da ba kitse ba, wato tsoka da ƙashi da jini da kayan ciki, kusan kashi 73 cikin ɗari nasa ruwa ne.

A ɗauki magidanci mai shekara 40, tsayinsa santimita 175, nauyinsa kilo 84. A ce na'ura ta kintaci ruwan jikinsa lita 45. A raba 45 da 0.73, a samu kilo 61.6, shi ne jikinsa ban da kitse. A debe daga 84, saura 22.4. A raba 22.4 da 84, a ninka da 100: kitse kashi 26.7 cikin ɗari.

To, a ce mutumin nan ya kwankwaɗi lita ɗaya ta ruwa sannan ya hau nan take. Nauyi ya koma 85, amma ruwan yana cikin tumbi, bai shiga jini da tsoka ba, wuta ba ta gan shi ba. Lissafi zai ce 85 a debe 61.6, saura 23.4, wato kashi 27.5. Ruwan sha ya zama kitse. A juya kuma: ya yini cikin rana ya yi zufa, lita ɗaya da rabi ta fita. Nauyi ya sauko 82.5, ruwa 43.5, a raba da 0.73 a samu 59.6, kitse 22.9, kashi 27.8. Ya ragu a sikeli, ga shi allo na cewa kitsensa ya ƙaru da maki guda. Kitsen jikinsa ko giram bai motsa ba. Duk wata rigima da masu irin wannan sikeli ke yi da shi, daga nan ta samo asali.

Hawa yadda ya kamata

A ajiye shi a kan tayil ko daɓen siminti mai santsi. Kafet, darduma da tabarma duk suna shanye wani ɓangare na nauyi, kuma daɓen da ya karkace yana sa lamba ta riƙa rawa. A kunna, a jira sai allo ya nuna 0.0 kafin a ɗaga mariƙin ko a taka. Wanda ya yi gaggawa a nan ya ɓata sifilin na'urar, ko dai ta nuna Err, wato alamar kuskure, ko ta ba da nauyin da ba shi ba. Sai a ɗauki mariƙin, a danna lambar mai hawa, a hau ba takalmi ba safa, diddige a kan ƙarfen baya, gaban ƙafa a kan na gaba. In nauyi ya tsaya, a miƙe hannuwa gaba sosai, daidai da kafaɗa, gwiwar hannu a miƙe, baya a miƙe, kada a motsa har ta gama. Lanƙwasa hannu ko jawo mariƙin kusa da ciki yana canja sakamako. Mai kaurin cinya kuma ya kula: in fatar cinyoyi ta haɗu, wuta na samun gajeriyar hanya, don haka a bar gajeren wando mara nauyi a tsakani.

Lokaci kuwa, da safe bayan an tashi, an kama ruwa, kafin a ci ko a sha komai. Ban da bayan motsa jiki, ban da bayan wanka da ruwan zafi, ban da cikin awa biyu bayan cin abinci. Da yamma ruwa ya riga ya gangara ƙafafu saboda yinin tsaye, shi ya sa awon safe da na dare ba sa haɗuwa, musamman a sikelin ƙafa kawai.

Akwai abubuwa uku da mai amfani da shi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram zai ci karo da su fiye da mutumin Turai. Na farko hunturu. Busasshiyar fata, kaushi da faso suna hana wuta shiga, sai na'ura ta yi ta nuna Err. Maganinsa a ɗan goga tafin ƙafa da na hannu da jiƙaƙƙen tawul da aka matse sosai. Danshi ake so, ba ɗigar ruwa ba, saboda haka wanda ya idar da alwala ya tsane ƙafarsa tukuna. Kuma a hau kafin a shafa mai. Man kaɗanya ko basilin a tafin ƙafa yana tare wuta, yana kuma barin maiƙo a kan ƙarfe ga mai hawa na gaba. Na biyu bazara. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jiki kan kwana da ƙarancin ruwa, kason kitse sai ya riƙa fitowa sama kaɗan. Na uku azumi. Awon bayan la'asar awon ƙishirwa ne, na bayan sahur kuma awon cikakken tumbi ne. Wanda zai ci gaba da awo a Ramadan ya hau da zarar ya farka, kafin sahur, ya kwatanta makon azumi da makon azumi, kada ya haɗa shi da lambobin Sha'aban. Mata kuma su kwatanta wata da wata a kwanaki iri ɗaya na zagayowar al'ada, domin jiki kan riƙe ruwa gab da zuwanta.

Ɓangaren nauyi ba shi da matsala, kuma gwada shi abu ne mai sauƙi: a hau sau uku a jere, sannan a hau riƙe da gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da ba a buɗe ba. Ya kamata a ga ƙarin kilo 1.5 ko kusa da haka. Buhun fiya wata mai leda 20 zai kai wajen kilo 10, amma cikarsa ba daidai take ba, kada a ɗora wa sikeli laifin masu ɗura ruwa.

Abin da za a yi da lambobin

Kason kitse shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an mayar da shi kilo. Mutuminmu yana da kitse kilo 22.4, sauran jiki 61.6. Jadawalin da Omron ke aiki da shi ya sa daidai ga namiji ɗan 40 zuwa 59 daga kashi 11 zuwa 21.9, ga ɗan 18 zuwa 39 kuwa 8 zuwa 19.9, ga mace 'yar 18 zuwa 39, 21 zuwa 32.9. In yana son ya kai kashi 22 ba tare da ya taɓa tsokarsa ba, sai ya raba 61.6 da 0.78, ya samu kilo 79. Kilo 5 ke nan zai sauke, ba 15 da wani zai yanka masa da ka ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki ana ƙiyasta shi kalori 7,700. Biyar sau 7,700 ya ba da 38,500. In ya rage kalori 500 a rana, kwana 77 ke nan, mako 11. A aikace ya sa ran ya ɗara haka, domin jiki na rage ƙonawa yayin da yake raguwa.

Bayan mako takwas, a ce nauyi ya dawo 80.5. In kitse ya nuna 24.2, to kitsen kilo 19.5 ne, sauran jiki 61.0: kitse ya tafi da 2.9, sauran jiki da 0.6. Wannan ragewa ce mai kyau. In kuwa 26.3 ya nuna, kitse 21.2 ne, sauran jiki 59.3: kilo 1.2 kacal na kitse ya tafi, 2.3 tsoka ce da ruwa. Sikelin banɗaki na yau da kullum zai taya mai sakamakon farko da mai na biyu murna iri ɗaya. Na biyun yunwa yake yi wa kansa. Yana bukatar ƙarin wake, ƙwai, kifi, nono ko nama, da ɗaga nauyi sau biyu ko uku a mako. A nan ne BF511 ke biyan kuɗinsa.

Sai dai da sharaɗi: kada a taɓa kwatanta rana ɗaya da rana ɗaya. Ga mako guda na mutumin da bai canja komai ba: 84.0, 84.6, 83.7, 84.2, 84.9, 83.8, 83.5. Tsakanin mafi sama da mafi ƙasa akwai kilo 1.4. Ranar 84.9 ƙila an kwana da tuwo malmala uku da miya mai dunƙule. Gishiri na riƙe ruwa, kuma kowane giram na sitacin da jiki ya adana a hanta da tsoka yana tafe da ruwa wajen giram uku. A tara bakwai ɗin a samu 588.7, a raba da 7, matsakaici 84.1. Wannan lambar ce ta makon. Haka za a yi wa kason kitse. Canjin da bai kai maki ɗaya ba tsakanin mako da mako, ba labari ba ne.

Ainihin lambar kitsen ma a riƙe ta da sassauci. In aka gwada irin waɗannan na'urori na gida da awon DEXA na asibiti, wato hoton jiki da ke rarrabe kitse da tsoka da ƙashi, saɓanin maki uku zuwa biyar a kan mutum ɗaya ba abin mamaki ba ne. Maki huɗu a jikin mai kilo 84 ya haura kilo 3. Sannan tsarin lissafin ana gina shi ne daga awon wasu rukunin mutane, kuma tsawon gaɓoɓi ya bambanta tsakanin al'ummomi. Dogon mutum siriri mai dogayen ƙafafu da hannuwa, irin ƙirar da ta yawaita a yankin Sahel, turjiyarsa za ta fito da yawa, na'ura na iya jingina masa kitsen da ba shi da shi. Abin da ke ceton lamarin shi ne kuskuren kan tsaya a gefe ɗaya ga mutum ɗaya. In ta ƙara masa maki uku yau, galibi uku za ta ƙara bayan wata biyu, don haka saukar da aka gani sauka ce.

Tef ɗin tela a matsayin shaida

Duk mai BF511 ya sayi tef ɗin tela ya ajiye kusa da shi. A auna ciki a kan fata, a tsaye, a tsakiyar ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an fitar da numfashi yadda aka saba, ba tare da shanye ciki ba. Tef ya kwanta sosai, kada ya nutse cikin nama, kuma a duba ta baya kada ya karkace. Fuska ɗaya inci ce, ɗaya santimita. Teloli da inci suke aiki, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Tsohon tef yana miƙewa, a canja shi in lambobin sun fara gogewa.

A ce cikin mutuminmu santimita 96. A raba da tsayi, 175, a samu 0.55. Hukumar NICE mai tsara shawarwarin lafiya a Birtaniya, a shawarar da ta sabunta a 2022, ta ce ciki kada ya kai rabin tsayi: 0.4 zuwa 0.49 lafiya, 0.5 zuwa 0.59 haɗari ya ƙaru, 0.6 zuwa sama ya yi yawa. Rabin tsayinsa 87.5 ne. Wanda ba ya son lissafi ya yanki igiya daidai tsayinsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa. In bakin biyu ba su haɗu ba, an gama magana.

Tef ɗin zai kuma iya ba da kason kitse. A 2018 Orison Woolcott da Richard Bergman suka fitar da lissafin da ake kira RFM: a raba tsayi da faɗin zagayen ciki, a ninka da 20, a debe daga 64 ga namiji, daga 76 ga mace. Su a saman ƙashin ƙugu suka auna, amma abin da ya fi muhimmanci a tsaya a wuri ɗaya kullum. Namu: 175 a raba da 96 ya ba da 1.82, sau 20 ya kusa 36.5, a debe daga 64, saura 27.5. Sikeli ya ce 26.7. Shaidu biyu sun yi kusa, sai a yarda. Mace mai tsayi 162 da ciki 84 za ta samu 37.4. In tef da sikeli suka saɓa da maki biyar ko shida, a fara zargin yadda ake hawa, a duba ko tsayin da aka shigar daidai ne. Mutane da yawa tsayin da suke tunani suke shigarwa, ba wanda suka auna a jikin bango ba, kuma tunda ninka shi ake yi da kansa, kuskuren santimita uku ba ƙarami ba ne.

BMI ba sai da na'ura ba: 84 a raba da 1.75 sau 1.75, wato 3.06, ya ba da 27.4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 25 farkon ƙiba, 30 ƙiba mai yawa, kuma da wannan ma'aunin sikelin ke yanke hukunci. NICE kuwa ta sauko da iyakokin zuwa 23 da 27.5 ga baƙar fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya, saboda ciwon suga na kama su a ƙaramin BMI. Allon BF511 bai san da wannan ba.

Matakin kitsen cikin ciki daga 1 zuwa 30 yake: 1 zuwa 9 daidai, 10 zuwa 14 ya hau, 15 zuwa sama ya hau sosai. Ba kilo ba ne, ba kaso ba ne, kuma a ganina shi ne mafi raunin lambobin shida, tunda gangar jiki ce na'urar ta fi kasa gani. Tef ya fi shi saurin nuna canji. Kason tsoka kuma yana da tarko: in kitse ya ragu, kason tsoka zai hau ko da tsokar ba ta ƙaru ba, don haka shi ma a ninka shi da nauyi a ga kilo. Kalorin hutu za a iya tantance shi da lissafin Mifflin na 1990: nauyi sau 10, a tara da tsayi sau 6.25, a debe shekaru sau 5, a ƙara 5 ga namiji ko a debe 161 ga mace. Na mutuminmu ya kama wajen 1,740. Wannan ba shi ne abin da zai ci a rana ba. Na zaman kwance ne, sai an ɗora na zirga-zirga da aiki.

Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ko wata na'urar lantarki da likita ya dasa masa, kada ya hau ko sau ɗaya. Mai juna biyu ta tsaya ga awon nauyi a asibiti. Mai kumburin ƙafa, mai wankin ƙoda, mai zazzaɓi, da ɗan wasan da tsoka ta yi masa yawa, duk lambar kitsensu ba abin dogaro ba ce, domin ruwan jikinsu ya saɓa wa kashi 73 ɗin da aka gina lissafin a kai.

Ga gidan motsa jiki, ko ƙaramin asibiti, ko gidan da mutum uku ko huɗu ke bin nauyinsu da gaske, BF511 ya cancanci saye, kuma ya fi sikelin ƙafa kawai, duk da cewa waɗancan sun fi araha kuma suna tura sakamako waya da kansu. Ga mutum ɗaya mai ƙaramin ƙarfi, sikeli na yau da kullum da tef da kalkuletar waya za su ba shi mafi yawan abin da yake nema. Abin da zai rasa shi ne rabe kitse da tsoka a cikin kilon da ya sauke. Wanda zai saya ya sa a zuba batir a gwada a shago: ya duba lafiyar igiyar, ya duba ƙarafa takwas ɗin ba tsatsa, ya hau sau uku ya ga nauyi bai yi tsalle ba, sannan ya tabbatar littafin bayani na cikin kwali. A gida a goge ƙarafan da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a wanke da ruwa, kuma in za a yi wata biyu ko uku ba a hau ba a cire batir, don zafi na sa su zubar da ruwa su cinye mazauninsu.